Masu sana'a a ƙarƙashin gadar jirgi a Landan

Baffa, an ce hankalinku ya tashi da kuka ji yaranmu na nan suna sana'a a ƙarƙashin gada. Ku kwantar da shi. A Landan ƙarƙashin gadar jirgi shago ne mai ƙofa da kwado, haya ake biya, kuma hayar ba ta wasa ba ce.

Lokacin da jirgin ƙasa zai shigo garin, unguwanni sun riga sun cushe. Maimakon layin dogo ya riƙa yanka tituna, sai aka ɗora shi a sama, bisa bakan gizo na bulo, ɗaya na bin ɗaya. Layin da ya tashi daga tashar Gadar Landan zuwa unguwar Girinic, wanda aka fara buɗewa a 1836, bakansa 878 ne, ya ci bulo kusan miliyan 60. Kamfanin jirgin ya so mutane su mai da ramukan ƙarƙashin gadar gidajen kwana, amma laima ta hana. Har yau ruwa na tsattsafowa ta jikin bulon, shi ya sa ake lulluɓe cikin da kwano. Jirgi in ya wuce, kofin shayi sai ya yi rawa a kan tebur. A Pekam, inda 'yan Najeriya suka yi yawa, nan za ku ga makanikai da masu ɗaure kayan da ake aikawa gida. Namu Hausawa ba su kai Yarabawa yawa ba, amma ana damawa da su.

Su kuma tsofaffin famfunan ruwan sha na Landan da kuka gani a hoto, liƙe a bango, sadaka ce, kamar randar da kuke ajiyewa a ƙofar gida. Bayan annobar kwalara ta 1854 aka gane gurɓataccen ruwan da talaka ke sha ne ke kashe shi. A 1859 wani ɗan majalisa, Samuel Gurney, ya biya aka kafa famfo na farko a jikin shingen wani coci, da kofuna biyu ɗaure da sarƙa. An ɗauke shi a 1867 saboda ginin gadar Holbon, aka dawo da shi a 1913. Har dawaki an yi musu komin shan ruwa.

Yawancin famfunan yanzu sun ƙafe, abin takaici. Mu kuwa in azumi ya zo, katon ɗin ruwan roba da dabino muke haɗa kuɗi mu kai masallaci, duk wanda magariba ta riska ya ɗauka.