Filin Tambaya da Amsa: Wa ke tsaye a kan ɗalibar jinya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya. Idan muna aikin dare, sista takan miƙo min katin magani ta ce in zaga ni kaɗai, har da allura da ƙarin ruwa. Ƙarshen wata kuma ta sa hannu a littafin aikina ba tare da ta ga komai ba. Dama haka ake yi? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba haka ake yi ba, duk da ƙarancin ma'aikata ya sa abin ya zama ruwan dare. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ba ta ba ki lasisi ba tukuna, don haka duk maganin da ya fita daga hannunki yana wuyan sistar.

Ƙa'idar ita ce ki fara kallo, sannan ki yi tana tsaye a kanki, sai ta gamsu kafin ta ja baya, nan ma inda za ta ji kiranki. Tare za ku karanta kati: sunan mara lafiya, sunan magani, adadi, hanyar bayarwa (ta baki ko allura) da lokaci.

Allurar ɗuwawu ce ta fi buƙatar ido. Ana raba ɓari ɗaya gida huɗu, a caka a sashen sama na waje. Idan hannu ya zame ƙasa ko ciki, ana iya taɓa babbar jijiyar da ta gangara ƙafa, mutum ya tashi yana jan ƙafa. Jariri kuwa a gefen cinya ake yi masa.

Ƙarin ruwa lissafi ne, ba a kintace. Leda mai mililita 500 da za ta ƙare a awa 4, da igiya (siririn bututun da ruwan ke bi) mai ɗigo 20 a kowace mililita: 500 sau 20, a raba da minti 240, ya ba ki kimanin ɗigo 42 a minti. Ki ƙirga da agogo, minti guda cur. Ki duba jikin ledar igiyar, domin ta yara ɗigo 60 ce a kowace mililita. Potassium chloride kuwa, wani magani da ake zubawa a ƙarin ruwa, ba a taɓa tura shi jijiya kai tsaye ba tare da an sirka ba, yana tsayar da zuciya.

Idan an sake miƙo miki kati, ki ce cikin ladabi, "Sista, hannuna bai faɗa ba, don Allah ki tsaya min." Ki nemi sa hannu a ranar da aka ga aikin. In abin bai sauya ba, ki sanar da malamar makarantarku mai zagaya ɗakunan marasa lafiya, ita za ta yi magana da shugabar ɗakin.