Gyaran salansar tsohon babur don ta riƙa yin ƙara mai kauri

Ka tambaya ko za ka iya gyara salansar tsohon Honda CG125 ɗinka ta riƙa ƙara mai kauri ba tare da injin ya lalace ba. Za ka iya, amma ɓangaren baya kawai za ka taɓa, kuma kada ka kwashe cikinta gaba ɗaya.

Sharaɗin yana wajen kafireta. Idan hayaƙi ya samu hanya sosai, mai yakan yi wa iska kaɗan, injin ya ɗau zafi har bawul ya ƙone. Na sha ganin haka a gareji. Bayan an gama gyaran ka ɗan zagaya da babur ɗin, kwance fulogi. In bakinsa ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan ke nan, sai bakanike ya sa maka jet (ɗan ƙarfe mai huji da mai ke bi a cikin kafireta) mafi girma kaɗan. Ruwan ƙasa ake so bakin fulogin ya yi.