Tambaya da Amsa: Alamar # za ta sayar min da littafi?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru: yadda marubuci zai yi amfani da maudu'i, wato kalmar nan da ake liƙa wa alamar # a gaba, don littafinsa ya isa hannun masu karatu. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Na fitar da littafina na farko, labarin soyayya ne. Kullum sai na ɗora hoton bangonsa a Instagram da Facebook, na jera maudu'i kusan talatin a ƙasa. Masu danna min zuciya dai marubuta ne 'yan'uwana, amma har yau babu wanda ya tambayi inda zai saya. Ina na yi kuskure?
Daga wata sabuwar marubuciya

Amsa: Malama, barka da ƙoƙari. Farkon gyara shi ne ki san aikin alamar. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawararta a Twitter a 2007, don a riƙa tattara hira iri ɗaya wuri ɗaya. Instagram ya karɓe ta a 2011, Facebook kuma a 2013. Tun asali laƙabi ce, irin takardar da ake mannawa a jikin kantar littattafai don mai nema ya san inda zai duba. Ba ta kirawo mutum, sai dai ta nuna wa wanda ya riga ya shigo nema hanya.

To, a wace kanta kika ajiye littafinki? Yawancin sababbin marubuta suna kwafo maudu'an da suka gani a shafukan marubuta, irin su #amwriting da #WritingCommunity. Can kuwa dandalin masu rubutu ne, kowa da hajarsa ya zo, babu mai niyyar saye. Shi ya sa kike samun zuciya ba ki samun ciniki. Masu karatu suna taruwa ne a #BookTok a TikTok, da #Bookstagram a Instagram, da #BookTube a YouTube, sai kuma ƙananan maudu'ai masu ambaton irin labarin da suke so.

Matsala ta biyu ita ce girma. Maudu'i irin #love ko #books yana ɗauke da miliyoyin wallafe-wallafe, naki zai nutse kafin ki ajiye wayar. Wanda kuma babu mai amfani da shi sai ke, ɗaki ne babu kowa. Matsakaici ake nema. Ga yadda za ki gwada: rubuta maudu'in a gurbin bincike, ki buɗe wallafe-wallafe goma na sama, ki karanta sharhin da ke ƙarƙashinsu. In kika ga mutane suna cewa "na karanta shi, ƙarshensa ya ba ni haushi" ko "a ina zan samu?", kin faɗo cikin masu karatu. In kuwa duk "Allah ya ƙara basira, ni ma ga nawa" ne, ki ƙara gaba.

Yawan ma ki rage. A da Instagram yana barin a sa har 30, amma shi da kansa ya ba da shawara a 2021 cewa 3 zuwa 5 sun wadatar. Ki raba su haka: ɗaya na dandalin masu karatu, biyu na nau'in labari da abin da ke cikinsa, kamar auren dole ko kishiya ko soyayyar ofis, ɗaya na harshen da kika yi rubutu da shi, ɗaya kuma sunan littafin. A X, wato Twitter ta da, guda ɗaya ko biyu sun isa, tunda haruffa 280 kawai mai shafin kyauta yake da su. Manhajar Threads ɗaya tak take bari. YouTube kuwa in aka zarce 60 a bidiyo ɗaya, watsi yake yi da su baki ɗaya.

Sai babban lamarin, wanda mun san ba shi kika tambaya ba. Hoton bango kullum ba ya sayar da ƙagaggen labari, domin baƙo bai san ki ba, bai san taurarinki ba. Abin da ke kama shi shi ne ɗanɗano. Ɗauki layi uku daga wurin da labarin ya yi zafi, misali daren da amarya ta tsinci wasiƙa a aljihun ango, ki rubuta su manya a kan hoto ko ki karanta su a bidiyon daƙiƙa 20, ki yanke daidai inda za ta buɗe wasiƙar. Manhajojin yanzu suna duba kalmomin bayanin da kika rubuta da kuma yadda mutane suka tsaya kallo, ba alamar # kaɗai ba. Don haka ki rubuta "labarin soyayya" da nau'insa ƙarara a jimlar farko.

Tambaya: Sunan littafina yana da ƙ da kuma 'y. Da na mai da shi maudu'i sai rabinsa ya yi shuɗi, rabi ya tsaya baƙi. Me ya faru?
Daga wani marubuci

Amsa: Malam, waƙafin sama ne ya karya maka shi. Maudu'i ba ya ɗaukar tazara, ko aya, ko waƙafi, ko karan ɗori. Duk inda ɗayansu ya shigo, nan ya ƙare. Wanda ya rubuta #K'auna, maudu'in #K kawai ya yi. Haka #Sa'a zai koma #Sa. Haruffa masu lanƙwasa kuma wata rigimar ce: a wurin na'ura ƙ daban, k daban, kuma ba kowane mai karatu ke da su a allon wayarsa ba. Shawararmu ita ce a cikin maudu'i ka yi amfani da k da d da b da y zalla, sannan a jikin bayani ka rubuta sunan da ƙa'idarsa. Ka kuma fara kowace kalma da babban baƙi, kamar #WasikarDare. Wurin bincike babba da ƙarami duk ɗaya ne, amma ido ya fi saurin rarrabewa, haka ma manhajar da ke karanta wa makafi allo.

Tambaya: Ya dace in ƙirƙiri maudu'i na littafina ni kaɗai? Ai babu wanda ya san shi.
Daga wata mai shirin fitar da littafi na uku

Amsa: Ya dace, Hajiya, amma ki san ba zai kawo baƙi ba. Amfaninsa tara miki waɗanda suka riga suka karanta, su ga juna, ke ma ki ga abin da suke faɗa. Kafin ki tsayar da shi ki bincika a kowace manhaja, kada ya zamana wani shago ko wata hira marar daɗi ta riga ki. Ya zama gajere, kalma biyu ko uku. Ki karanta shi a haɗe da ƙananan baƙaƙe, don wani lokaci kalmomi biyu masu kyau in suka manne sai su haifi wata kalmar da ba ki nufa ba. Ki fara amfani da shi makonni 4 zuwa 6 kafin fitowar littafin, daga ranar nuna bango, kuma kada ki sauya rubutunsa ko da harafi ɗaya. Abin da aka fi mantawa shi ne a buga shi a shafin ƙarshe na littafin, da gajeren roƙo cewa wanda ya gama ya faɗi ra'ayinsa a ƙarƙashinsa. Mai karatun da ya rufe littafi yanzu-yanzu, labarin na cinsa a rai, ya fi kowa saurin magana. In ya yi, ki amsa masa, ki nemi izininsa ki yaɗa sharhin.

Tambaya: In wani maudu'i yana tashe, zan iya liƙa tallar littafina a ciki?
Daga wani ɗalibi mai rubutu

Amsa: In ya shafi littafin, bismilla. In bai shafe shi ba, a'a. Mutanen da suka taru kan wasan ƙwallo ko zaɓe ba littafi suka zo nema ba, kuma manhajoji suna lissafa irin wannan cusa kai cikin tallar banza, suna iya rage nuna shafinka. In maudu'in na rasuwa ne ko wata masifa, kada ma ka kusance shi da talla. Ka kuma daina wahalar jera alamar # a WhatsApp, can ba ta kai baƙo wurinka.

Tambaya: Ta yaya zan gane ko maudu'an da nake sawa suna aiki?
Daga wata marubuciyar labaran ban tsoro

Amsa: Fara da duba ko shafinki a buɗe yake. Wallafar rufaffen shafi ba ta bayyana ga wanda ba mabiyi ba, ko maudu'i nawa aka sa. Sannan ki mai da shi shafin sana'a, kyauta ne, zai riƙa nuna miki alƙaluma. Ki haɗa jerin maudu'ai kashi biyu. Mako biyu ki yi da kashin farko, mako biyu da na biyu, wallafa uku kowane mako, irinsu ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. In kika sauya hoto da lokaci da maudu'i duk a tare, ba za ki san wanne ya yi aikin ba. Kada yawan zuciya ya ruɗe ki. Ki duba mutum nawa waɗanda ba mabiyanki ba suka gani, nawa suka adana, nawa suka tura wa wani, nawa suka shiga shafinki. A Instagram, linkin da aka rubuta a bayanin ƙasan hoto ba ya latsuwa, don haka ki sa na wurin saye a saman shafinki, ki faɗa wa mutane yana can. Duk wanda ya saya kuma ki tambaye shi inda ya fara jin labarin littafin, ki rubuta amsar a ɗan littafin ajiya tare da kwanan wata.