Itatuwan da muka dasa sun mutu, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a jihar Jigawa. Mun kafa ƙungiyar kare muhalli a makarantarmu, bara muka dasa itatuwa 200, amma zuwa bazara waɗanda suka rayu ba su kai 20 ba. Yanzu wasu 'yan ƙungiyar na cewa wahalar banza muke yi, tunda hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya jawo sauyin yanayi, ba mu ba. Shin suna da gaskiya? Me ya kamata mu yi bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abokan naki sun faɗi rabin gaskiya. Abin da ke ɗumama duniya shi ne iskar da ke fita idan an ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, wadda ke taruwa a sama ta hana zafi fita. Kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska. Saboda haka itatuwanku, ko da duk sun rayu, ba za su sauke zafin duniya ba.

Amma ba don duniya kuke shuka ba, don Jigawa kuke yi. Itace na kare gona daga iskar farkon damina da ke binne shukar gero da rairayi, yana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, yana ba dabba abinci a tsakiyar rani. Wanda bai kunna wutar ba, idan ta iso dangarsa, ai ba zai tsaya neman mai laifi ba.

Mu dawo kan mutuwar dashenku. Ban je makarantarku ba, amma na ga irin wannan sau da yawa. Ana jiran ranar bikin dashen itatuwa a watan Agusta, manyan baƙi su zo, a ɗauki hoto, a watse. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba tun saiwa ba ta kama ƙasa ba, sannan ga wata bakwai ko takwas na rani, ga awaki, ga gara. Bana ku dasa da zarar damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ku rage yawa: itace 40 da kowanne ke da mai shi ya fi 200 marayu. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a rubuta sunan ɗalibin da zai riƙa ba shi ruwa, kuma a damƙa wa 'yan jeka-ka-dawo na cikin gari amanar lokacin hutu. Ku zaɓi irin da ya san ƙasarmu, kamar darbejiya da aduwa da magarya da kuka. Itacen turare kuwa akwai shan ruwa, kada ku kai shi kusa da gona ko rijiya.

Akwai kuma hanyar da ta fi dashe arha, kuma a ƙasar Hausa ta yi suna. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya gaji da ganin dashensa na mutuwa kamar naku. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Aikin kawai shi ne a zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, ba ya bukatar ban-ruwa. Manoma suka riƙa koya daga juna, har aka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ne sarki a wannan aiki, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Ku zagaya filin makarantarku da gonakin iyayenku kafin sharar gona, za ku sha mamakin yawan kututturen kalgo da sabara da gawo da ke jiran a ƙyale su.

Ta fannin ilimi kuwa, ina so ƙungiyarku ta fara rubutu. Ku samu ma'aunin ruwan sama, malamin labarin ƙasa zai nuna muku yadda ake kafa shi, ku riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa da yawansa. Ku zauna da tsofaffi su ba ku labarin farin 1973 da na 1984, da itatuwan da suka sani a da waɗanda yanzu babu su. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma da wuya ya isa kunnen manomin ƙauye. Ku nemo na yankinku, ku bayyana wa iyayenku da Hausa. Sauyin yanayi ba fari kaɗai ba ne, mutanen Haɗeja da Ringim sun san abin da ambaliyar 2022 ta yi, don haka yashe magudanar ruwa kafin damina ma aikinku ne.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Shugaban makarantarku na iya rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha ko sashen gandun daji na ƙaramar hukuma neman irin dashe. Ku nema tun watan Mayu, kada ku bari sai an fara rabon biki.

Ƙidayar da nake so ki aiko min ita ce ta watan Afrilu mai zuwa, lokacin da zafi ya kai maƙura: nawa ne ke tsaye cikin dashe, nawa ne kuma cikin kututturen da kuka raina.