Kuɗin ya tafi kan lensi, ba kan sabuwar kyamara ba

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina da Canon 600D da lensin 18-55mm da ta zo da shi, kina son ɗaukar furanni kusa da kusa, kina tambaya ko ki sayar ki sayi sabuwa. Kar ki sayar. Kyamarar ta isa, kuma allonta da ke juyawa zai hutar da ke kwanciya a ƙasa in furen gajere ne. Lensin ne yake riƙe ki.

Ki nemi lensin makro na gaske, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa da kusa, wanda aka rubuta 1:1 a jikinsa. Ma'ana, abin da kika ɗauka zai sauka a cikin kyamarar daidai da girmansa na zahiri. Ki kula, akwai lensin zum (masu jawo hoto kusa ko nesa) da yawa da ake rubuta musu Macro alhali ba sa wuce 1:2 ko 1:4. Za su ɗauko miki furen kabewa dukansa, amma garin rawayan da ke tsakiyarsa ba zai fito ƙwaya-ƙwaya ba.

Ni na fi son wanda ke tsakanin 90mm da 105mm, kamar Canon EF 100mm f/2.8 Macro, Tamron 90mm ko Sigma 105mm, muddin bakinsa, inda yake ɗauruwa a jikin kyamara, na Canon EF ne. Dalilina tazara ce. Da 100mm ɗin, ko kin matso iyaka, akwai kimanin santimita 15 tsakanin gilashi da fure. Gajeren lensi kuwa sai kin kusa taɓa furen, inuwarki ta rufe shi, ƙudan zuman da ke kai ya tashi. Na daɗe ina ɗaukar furen tumfafiya, wanda kowa ke wucewa a bakin hanya bai kalla ba. Ranar da na fara ganinsa ta 100mm, da shunin da ke bakin kowane kunne da ɗan kambin da ke tsakiya, sai da na ce Subhanallah.

In kuɗi bai kai ba tukuna, akwai zobban da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da lensi don a matso, ko gilashin Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaban lensi. Suna aiki sosai, sai dai zobban na rage haske.

Abin da zai fi ba ki wuya shi ne fokus. A kusa haka, wurin da ke fita tar bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Ki tsuke ƙofar da haske ke shiga ta lensin zuwa tsakanin f/8 da f/11, don wurin ya ɗan ƙaru. In kin wuce f/16 hoton zai fara laushi. Ki kashe fokus mai sarrafa kansa, ki saita da hannu, sannan ki riƙa matsowa da jikinki a hankali har inda kike so ya fito. Iska kuma ita ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa nake fita bayan asuba da gari ya waye, kafin ta taso, haske ma na da taushi. Furen kabewa dama da safe yake buɗewa, rana na yi ya yanƙwane. In rana ta riske ki, farin mayafi ko farar lema ta isa ta tace hasken.

In na hannu za ki saya, ki haska tocila ta cikin gilashin ki duba ko akwai fumfuna mai kama da yanar gizo, ki juya zoben fokus ki ji ba ya cijewa. Lokacin hunturu kuma kar ki canza lensi a waje, ƙura za ta shiga, kuma a f/11 duk ɗigonta sai ya bayyana a hoto.