Ƙanwata, ni ma na san wannan bushewar zuciya

Ƙanwata, tun jiya tambayarki take cina. Kin ce ba ki fashin sujada, kina ƙungiyar mawaƙa, zakkarki ba ta tsallake wata, amma zuciyarki a bushe take ƙamas. Har ƙawarki ta ce addini kawai kike yi, babu ruhaniya, gara ki zauna gida ki nemi Allah ke kaɗai. Ke kin ma yi sa'a da kika gane. Ni ban san a bushe nake ba sai da abu ya faɗo kaina.

Shekara 11 ina ma'ajin zumuntar mata a majami'armu nan Katsina. Babana ɗan Sabon Rai ne, ƙungiyar masu wa'azin bishara, tun muna ƙauye wajen Kafur ake sa mu haddace aya kafin a ba mu tuwon dare. Addu'ar Laraba ba ta wuce ni, taro ko a Malumfashi ne ko Funtuwa ni ce a gaban mota, ankona a goge. Wadda ta makara ni ce mai hararar ta, wadda ba ta biya kuɗin wata ba ni ce mai karanta sunanta. A ganina lokacin, ni da Allah babu bashi.

Sai 'yata ta fari ta yi ciki tana aji biyar a sakandare.

Ranar da aka sa ta a horo ba ta fita raina. Sakatare ya karanta sunanta tsakanin lissafin baiko da sanarwar gyaran rufi. Ta tashi, takalminta ɗaya ya zame, ba ta tsaya ɗauka ba, ta koma bencin baya da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ban ce horo laifi ne ba, tsarin ikilisiya ne, kuma ta yi kuskure. Abin da ya ƙona ni shi ne matar wani dattijo, wadda muka shekara muna kaɗa tulu tare, mun kwana tabarma ɗaya a taro ba sau ɗaya ba. A bakin ƙofa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, “To, yau mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kuma yaron da ya yi cikin fa ɗan ƙanenta ne! An lallaɓa an tura shi Kano, sunansa bai taɓa hawa bagade ba. Har yau idan matar nan ta ɗauki waƙa sai na haɗiye wani abu. Na yafe, ina kan yafewa dai, kada in yi miki ƙarya.

Wata uku ba wadda ta taka gidana, sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya muke ce mata. Ba ta iya karatu ba, lambar waƙa ma sai an buɗe mata, anko ɗaya gare ta ya koɗe. Ta zo da kunun gyaɗa a kwano, ta zauna kusa da yarinyar, ta ce, “Sha, jikata, Yesu bai gaji da ke ba.” Da aka haihu ita ta yi wankan jego. Matar da na taɓa karanta sunanta a gaban mutane saboda bashin wata biyu.

A nan na buɗe Luka 18, misalin da Yesu ya bayar na mutum biyu da suka je yin addu'a, na ga kaina tsaye, Bafarisiyen nan mai azumi sau biyu a mako yana yi wa Allah lissafi. Mai karɓar haraji kuwa ko kai bai iya ɗagawa ba, shi ne ya koma gida baratacce.

Amma kada ki bi shawarar ƙawarki. Yaƙub 1:27 bai zagi addini ba, cewa ya yi sahihinsa shi ne kula da marayu da gwauraye. A Matiyu 23:23 ma Yesu bai hana zakka ba, watsi da gaskiya da jinƙai ya tsawata a kai. Iya ai a majami'ar nan take, benci uku bayana, ni ce ban gan ta ba. Kuma ki yi hankali da masu ruhaniyar Facebook, masu sayar da man shafewa a kwalba, wai sai kin faɗi ƙasa Ruhu ya sauka. Wata maƙwabciyata kuɗin makarantar ɗanta ta tura wa irinsu. Ki duba Galatiyawa 5:22, ki ga ko faɗuwa tana cikin lissafin albarkar Ruhu.

Idan waƙar ta zame miki aiki, ki nemi hutun wata ɗaya wurin shugaban mawaƙa, ba zunubi ba ne. Ki zauna cikin jama'a ki ji da kunnenki. Da asuba ki gaya wa Ubangiji yadda kike ji, da Hausar da kike yi wa mamanki magana. Ki kuma duba lafiyarki, wani lokaci gajiya ce da rashin barci. Ranar Lahadi ki waiwaya bencin baya, ki ga wa ke zaune.

Ni na ajiye ma'aji tun lokacin. Jikan nawa yanzu yana makarantar Lahadi, shi ke riƙe wa Iya sanda idan an tashi. In kina cikin gari ki yi mini magana ta waya, Asabar da yamma ina gida.