Amsa kan ƙusoshin araha

Kai yaro, ka ce hanyar hawan dutse da kake son kafawa ba ta wuce mita 12 ba, don haka me zai hana ka sa ƙusoshin araha, waɗanda ake kafawa a dutse don maƙala igiyar mai hawa, ka kuma rage yawansu. Haka ku 'yan zamani kuke, kun ga abu a waya kun zama gwanaye. Hanyar hawa ta Action Directe a ƙasar Jamus, wadda gwanin hawan dutse Wolfgang Güllich ya fara hawa a 1991, kusan mita 15 ce kawai, amma har gobe manyan gwanaye na zubo wa daga kanta. Gajeriyar hanya mai rinjayowa kan mutum, faɗuwa ake yi a kanta dare da rana, kuma ƙasa na kusa. Ƙusa ta biyu da ta uku su ne ran mai hawa.

Yadda ake huda rami da busa ƙurarsa kuwa, ba zan ɓata bakina ba.

Abin da tambayarka ta tono mini shi ne wani mai masauki a bakin teku a kudancin Tailan. Ya kira ni in kafa masa hanyoyi a dutsen bayan masaukinsa don baƙi. Na ce masa a nan sai ƙusoshin ƙarfen titaniyam da ake kafawa da gam, domin iskar gishiri da zafi na fasa ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, ta ciki, ido bai gani. Ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce tsada, ya rantse zai cika mini kuɗina ƙarshen kaka. Na biye masa, kaico. Kwana da kwanaki ina rataye a igiya, injin huda na jijjiga mini kafaɗa.

Da na dawo bayan 'yan shekaru, na rataya nauyina a ƙusa ta biyu, sai ji na yi ƙas! Kan ƙusar ya rage a hannuna, waje fes yana ƙyalli, ciki ya tsattsage baƙi ƙirin. Da baƙo ne ya faɗo kanta fa? Mai masaukin ya tsaya gaban mutane ya ce aikina ne bai da kyau. Cikon kuɗina har yau shiru. Na sayi titaniyam da kuɗin aljihuna, na cire tsofaffin duka, don sunana na jikin dutsen nan.

Gobe ka zo da ƙusoshin da ka saya in gani, kafin ka taɓa dutsen.